Tsirkiya ta Bakwai da Kunnen Makaɗin Agege

Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015 bai taɓa neman tsirkiya ta biyu ba. Kuntiginsa ɗan gwangwani ne da aka ɗaure wa fata, da sanda, da tsirkiya guda, kuma da shi ya ci kasuwarsa har ƙasashen waje. Shi nake tunawa duk sa'ad da na ji samarin Agege da ke Ikko masu sha'awar kiɗa suna zancen jitar lantarki mai tsirkiya bakwai, suna leƙa hotonta a waya, suna lissafin abin da aljihu zai iya.

Kayan tsirkiyar Bahaushe ba su da yawan baki. Goge da kukuma tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki, garayar mafarauta da 'yan bori biyu, molo uku. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rashi ne. Ba haka ba ne. Gwanintar tana cikin maimaici: amo ɗaya mai kauri yana dawowa, yana dawowa, mawaƙi ya ɗora magana a kai, 'yan amshi su karɓa. Saurari kukumar Hassan Wayam ko ta Ali Makaho, za ka ji ba ta gasa da murya, shimfiɗa take yi mata. Ikko ma ba baƙuwar wannan amo ba ce. Kamar yadda cinikin goro da layin dogo suka zaunar da Hausawa a Agege, haka goge ya zauna a hannun Yarbawa da sunan goje, ya zama ƙashin bayan kiɗan sakara, wanda Yusuf Olatunji ya riƙe har rasuwarsa a 1978.

To, ina jita mai bakwai ta shigo? Ba sabon abu ba ce. Rashawa sun daɗe da tasu, 'yan Brazil ma suna kaɗa ta a kiɗan choro, kuma a 1938 kamfanin Epiphone ya ƙera wa George Van Eps na Amurka guda. Ta lantarki ta cika kasuwa ne daga 1990, da Ibanez ya fito da samfurin Universe tare da Steve Vai, sannan ƙungiyar Korn ta mayar da ita abin rugugi daga 1994. Abin da aka ƙara tsirkiya ce mai kauri, wadda sautinta ya fi na sauran shidan zurfi. Turawa masu kiɗan ƙarfe tsawa suke nema da ita. Ni a ganina makaɗin Hausa wani abu daban zai samu: babban yatsa ya riƙe amon ƙasa a kanta, sauran yatsu su bi waƙa a sama, mutum ɗaya ya yi aikin biyu. Wannan ya fi kusa da garaya fiye da Korn.

Ba mafarki ba ne jita ta yi magana da harshen yankinmu. Bala Miller ya yi da ƙungiyarsa, ya rera Hausa a kan kayan kiɗan zamani. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Sai dai ɗakunan naɗar waƙoƙinmu sun miƙa wuya ga fiyano tun tasowar finafinan Kano, har ya zama yaro yana latsa maɓalli ya fitar da goge na ƙarya. Wannan, a wurina, shi ne babban cikas, ba tsadar kaya ba.

Mai ƙaramin ƙarfi da ya nufi kasuwar Alaba don sayen mai bakwai, abu na farko da zai duba shi ne wuyan jitar. Tsirkiya mai kauri tana son tsawo. A wuya mai inci 25.5, irin na Ibanez GRG7221, takan yi sako-sako idan aka sassauta ta, amon ya zama kamar ana magana da tuwo a baki. Mai inci 26.5, irin na Jackson JS22-7, ya fi riƙe ta, ko da yake gajeren yatsa zai ji a jikinsa. Ka ɗaga jitar daidai ido, ka hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba sandar rake, ka tabbatar sandar ƙarfen da ke cikinsa tana juyawa. Katakon da ya sha danshin Ikko, ranar da aka kai shi biki Kano cikin hunturu, sai ya motsa.

Sai mazaunin tsirkiya. A guji mai lilo, wanda ake ja da hannu sauti ya yi kuka. Yana da ban sha'awa a kanti, amma idan araha ne ba ya riƙe saiti, kuma tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran shida duk sun karkace, ga jama'a suna jira. Kafaffe ya fi. Maganaɗisun ɗaukar sauti kuwa a nemi mai naɗi biyu, domin shi ke kashe gurnanin da ke biyo waya, musamman inda ake kiɗa da janareta. Masu cin batir ƙarin ɗawainiya ne. Launi da zane, wannan na ido ne.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne gobe. Gumi da iskar teku suna sa tsatsa da wuri, kuma saitin shida ya fi saitin bakwai samuwa nesa ba kusa ba. Kafin ka biya, tambayi mai kanti ko yana da tsirkiya ta bakwai ita kaɗai. Idan ya fara sosa ƙeya, sayi mai shida, ka sassauta ta ƙasan, ragowar kuɗin ka kai wa mai goge ya koya maka riƙon amo.