Wanda Ba a Ɗauka Aiki Ba, Yaya Za a Kore Shi? Nazarin Fim ɗin "Sorry We Missed You"

Mai kallo zai iya ɗauka talauci ne jigon wannan fim na 2019, wanda Paul Laverty ya rubuta, Ken Loach ya ba da umarni. A nawa nazarin, jigonsa shi ne yadda ake rufe wa mutum ƙofar kotu tun kafin a zalunce shi.

Ricky, tauraron labarin, direba ne mai raba kaya a birnin Newcastle na Ingila. Tun ranar farko shugabansa Maloney ya shaida masa cewa shi mai zaman kansa ne, ba ma'aikacin kamfani ba. A nan aka ƙulla zaren labarin gaba ɗaya. Bisa dokar Birtaniya ta 1996, kotun ma'aikata ba ta sauraron ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba sai daga cikakken ma'aikaci. A lokacin da fim ɗin ya fito, galibi sai mai ƙara ya shekara biyu a aikin, ya kuma shigar da ƙara cikin wata uku. Takardar da Ricky ya sa wa hannu ta kayar da shi tun a sharaɗin farko. Saboda haka kamfanin bai buƙaci korarsa ba, tara kawai yake lafta masa. Ko da ɓarayi suka yi masa dukan kawo wuƙa, yana asibiti aka buga waya ana neman kuɗin na'urar da suka fasa.

Sai dai fim ɗin yana da rauni. Ya nuna takardar tamkar hukuncin da ba ya tashi, alhali tun 2011, a shari'ar Autoclenz, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa ainihin yadda ake aikin shi ne abin dubawa, har ta ayyana masu wankin mota a matsayin ma'aikata. Da marubucin ya sa wani ya ambata wa Ricky wannan hanya, ya ƙi binta, da tashin hankalinsa ya fi ratsa zuciya.

Duk da haka na fahimci shirun. Shari'a tana cin watanni, bashi kuwa ba ya jira. Shi ya sa aka rufe fim ɗin da Ricky a kan sitiyari, ido a kumbure, iyalinsa suna roƙonsa ya tsaya, shi kuwa ya nufi wurin aiki.