Birnin Aljanu: Nasu da Namu

A shekarar 1954 wani malamin jami'ar Oxford ta Ingila, J.R.R. Tolkien, ya fara fitar da littafinsa The Lord of the Rings. A ciki ya ƙaga birnin Caras Galadhon a tsakiyar kurmi, mazaunin waɗansu halittu masu kama da aljanu. Gidajensu bisa itatuwa suke, da tsani ake hawa, baƙo kuwa in ya sauka can sai lissafin kwanaki ya ɓace masa. Gwanintar marubucin ita ce, ya gina birnin daki-daki, sa'an nan ya nuna mai ƙarewa ne, har mai karatu ya ji tausayinsa.

To, mu ma muna da namu, watau Jangare, birnin iskoki a bakin 'yan bori, mai gidaje goma sha biyu, inda Sarkin Aljan Sulemanu ke sarauta. Amma wane marubuci ya zaga da mu cikinsa? Malam Bello Kagara ya kai Ganɗoki ƙasar aljanu tun 1934, sai dai ƙarar takobi ta hana mu duba gari.

Ban ce a gaskata bori ba. Hikaya dabam, imani dabam. Abin tsoron shi ne, nan Karaye da Rogo gatari na cin tsamiya da kuka, itatuwan da aka ce iskoki ke sauka, tsofaffin da suka san labarinsu kuma suna ƙarewa. In ba a rubuta ba, yaranmu za su san kurmin Turawa, su jahilci nasu. Masu alƙalami, a tashi tun da sauran rana.