Shaidar Wanda Bai Gama Jira Ba: Nazari Kan Dogara Ga Lokacin Allah a Ikkilisiyoyin Arewa

A kusan kowace majami'ar da ake sujada da Hausa, tun daga Kagoro har Garkida, akan ware wani ɗan lokaci don ba da shaida. Mai jagorar sujada zai ce duk wanda Ubangiji ya yi wa wani abu ya fito. Sai wata ta taso daga layin zumuntar mata, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗauko waƙa tukuna, jama'a su amsa mata. Daga nan ta faɗi yadda ta shekara da shekaru ba haihuwa, dangin miji suna ta yi mata habaici, ga shi yau tana goye da ɗa. Takan rufe da cewa lokacin Allah ya fi na mutum. Guɗa ta tashi, a buga tulu da kacau-kacau, a rako ta gaba da baikon godiya.

Wannan al'ada makaranta ce, kuma ba ƙarama ba. A nan ne talaka mai bi yake koyon abin da malaman tauhidi ke kira ikon mallakar Allah, wato babu abin da ke faruwa a bayan idonsa, kuma jinkirinsa ba mantuwa ba ne. Matar da ba ta taɓa hawa bagade ta yi wa'azi ba, a nan take koyar da ikkilisiya duka. Tsarin shaidar ma sananne ne: ƙunci, sai jira, sai buɗi. An ɗauko shi ne daga labaran da masu bi suka fi so tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana da 30. Kunnen Bahaushe bai baƙunci irin wannan magana ba, don maƙwabcinsa Musulmi ma da ƙaddara da tawakkali yake rayuwa, kuma dukansu biyu sun gaji karin maganar nan ta mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Sai dai shaida, yadda muka saba da ita, tana da wani gibi da ya daɗe yana damuna. Labarin da ya ƙare da daɗi kaɗai take karɓa. Wadda ta haihu ita ke fitowa. Wadda har yanzu take jira tana zaune a benci tana tafa wa wata. A hankali sai mutane su ɗauka cewa lokacin Allah yana nufin ranar da za ka sami abin da ka roƙa, idan kuwa ranar ba ta zo ba, to, akwai wani laifi a bangaskiyarka. A zamanin lafiya wannan gibi bai cika fitowa fili ba. Shekarar 2014 ce ta tona shi.

Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta samo asali ne a Garkida a 1923, inda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya. Yawancin membobinta Bura ne da Margi da Kilba da Kamwe da Kibaku, Hausa ce ke haɗa su a sujada. Ikkilisiya ce da ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN. A watan Agusta Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram. Ranar 29 ga Oktoba aka mamaye hedkwatar ikkilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos, ɗimbin membobi suka watsu zuwa Yola da Abuja da sansanin Minawao a Kamaru. Daga baya an sako 21 daga cikin 'yan matan Chibok a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017, aka yi sujadar godiya, kuma ta cancanta. Amma a cikin majami'un nan akwai iyayen da 'ya'yansu ba sa cikin waɗanda aka sako. Wasunsu sun mutu suna jira. Wace shaida irin wannan uwa za ta tashi ta bayar?

Amsa mafi nauyi da na sani ta fito ne daga bakin Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, wanda aka sace a farkon Janairun 2020. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya roƙi a yi ƙoƙarin ceto shi, ya nuna yana sa zuciyar komawa ga matarsa da 'ya'yansa, ya kuma bayyana cewa idan hakan bai samu ba, mai yiwuwa nufin Allah ke nan, kada a yi ta kuka. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. A ganina wannan ma shaida ce cikakkiya, ko da yake ba buɗi a ƙarshenta. Ya nemi rai da gaske, bai kuma ɗora amincin Allah a kan samun ran ba. Irin matsayin da abokan Daniyel uku suka ɗauka ke nan a gaban tanderun Nebukadnezzar, da suka nuna Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Babi na 11 na wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ma, wanda masu wa'azi ke son farkonsa, ya ƙare ne da jerin waɗanda aka jejjefe, aka kashe da takobi, ba su ga cikar alkawarin da idonsu ba.

Akwai hanyoyi biyu da ake ɓata wannan koyarwa a yau, kuma ta farkon ta fi kasuwa. Ita ce sayar da kwanan wata. A daren 31 ga Disamba majami'u kan cika maƙil, kuma ba laifi ba ne a shiga sabuwar shekara da addu'a. Laifin yana wurin mai wa'azin da zai ce wa mace bana ba za ta ƙare ba sai ta yi aure, ko ya ce wa magidanci cikin wata uku bashinsa zai kau, wani lokaci har da sharaɗin baiko na musamman. Littafin Irmiya ya riga ya yanke hukunci a kan wannan. Sa'ad da aka kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a komo. Irmiya ya aika wa 'yan bautar da wasiƙa cewa shekara 70 ce, don haka su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Ayar nan ta babi na 29 da ake bugawa a jikin kalanda da riguna, mai maganar kyakkyawan shirin Allah, a cikin wannan wasiƙa take. An rubuta ta ne ga mutanen da yawancin manyansu a baƙuwar ƙasa za a binne su.

Hanya ta biyu ta fi wuyar ganewa domin da tufafin tawali'u take zuwa. A je ta'aziyya a ƙauyen da aka kai wa hari, an shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya, babban mutum ya sauko daga mota ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Mama, sai haƙuri, haka Allah ya so." Ita kuma ta ce, "Na gode, ɗana, Ubangiji ya saka." Maganarsa daga bakin maƙwabci ta'aziyya ce. Daga bakin wanda aka damƙa wa tsaron garin, mafaka ce. Ikon Allah bai taɓa wanke wanda ya yi sakaci da amanarsa ba. Yusufu da kansa, ko da ya ga hannun Allah a cikin tafiyarsa Masar, bai fasa kiran abin da 'yan'uwansa suka yi mugunta ba. Shi ya sa ban ga saɓani ba a halin Rebecca Sharibu, mahaifiyar Leah, yarinyar da aka sace tare da ɗaliban Dapchi, aka kuma riƙe ta bayan an mayar da sauran a Maris 2018 saboda ta ƙi barin addininta. Uwar tana addu'a, tana kuma ƙwanƙwasa ƙofar hukuma, har Landan ta je a 2020 tana roƙon a sa baki.

Abin da mutanen EYN suka yi da jiransu ya fi kama da wasiƙar Irmiya. A Minawao sun kafa majami'u a cikin sansani. A Gurku da ke Jihar Nasarawa, wani ɗan ikkilisiyar, Markus Gamache, ya jagoranci gina matsuguni inda Kirista da Musulmi da rikici ya kora suke zaune tare. An koma Kwarhi, an gyara abin da aka rushe, an sake buɗe makarantar tauhidi ta Kulp. A Fabrairun 2020 aka kai hari Garkida kanta, aka ƙona majami'u, duk da haka a 2023 ikkilisiyar ta yi bikin cika shekara 100. Ba wanda ya ba su ranar da wahalar za ta ƙare kafin su ɗauki fartanya.

Kayan gyaran gibin shaida suna hannunmu tun tuni. Zabura cike take da koke-koke, masu tambayar Allah sai yaushe, kuma ta 88 ta ƙare ba tare da wani sauƙi ba, amma ba a cire ta daga Littafin ba. Habakuk ya fara da ƙorafi a kan zalunci, ya ƙare da farin ciki da Allah alhali gona ba ta ba da komai ba. Waƙoƙin da matan zumunta ke tsarawa da kansu sun riga bagade gane wannan, don sukan saka kukan gwauruwa da na ɗan gudun hijira a cikin kiɗan da ake takawa. Lokacin shaida ne ya rage a baya. Ya kamata fasto ya iya kiran wanda har yanzu ɗansa ke hannun masu garkuwa, ko wadda ta yi shekara goma a sansani, ta faɗi inda take da Ubangiji a yau, ba tare da an matsa mata ta ƙirƙiro ƙarshe mai daɗi ba.

Wahalar tana wurin jama'a, domin guɗa ba ta dace da irin wannan shaida ba, kuma ba mu saba da wata amsa ba. Ikkilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka, uwar EYN, ta gwada wata hanya a 2014: ta rarraba sunayen 'yan matan Chibok ga majami'unta, kowace majami'a ta riƙe suna ɗaya tana ambatonsa a addu'a. Majami'ar ƙauye a Adamawa ko Kudancin Kaduna ba ta buƙatar a aiko mata da suna daga nesa. Sakataren ikkilisiya ya san gidajen da ake jira, yana iya karanta sunayensu kowace Lahadi bayan shaida, a yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, dattawa kuma su bi su gida cikin mako da hatsi da kuɗin makarantar yara.