Gadarif ba ta bukatar launi

Samarin garin Gadarif na Sudan masu ɗaukar hoto da waya sun shiga yayin baƙi da fari, har wasu na kai hotunan a wanke musu a takarda su rataye a shago. Ina goyon bayan yayin nan, amma da sharaɗi.

Garin kansa ne ya dace da shi. Dubi babban rumbun hatsin nan na kankare, jerin gangunan da suka tashi sama a manne da juna. Da hantsi rana kan haske kowace ganga gefe guda, ɗaya gefen ya yi duhu sannu a hankali, inuwar wannan ta kwanta a jikin ta kusa da ita. Sai ɗakunan jinka masu tsini, waɗanda Gadarif ta yi suna da su, a tsakanin gidajen bulo masu kusurwa huɗu. Sai buhunan dawa da riɗi da aka jibge hawa-hawa a kasuwar amfanin gona. Ko baƙar lakar da ke tsattsagewa da rani zane ce. Idan aka cire launi, ido ba ya shagala da shuɗin ƙofa ko jan allon talla, sai ya bi layi da inuwa.

Sharaɗin shi ne, danna maɓalli ba ya mayar da hoto aikin gwani. Yawancin abin da nake gani an ɗauka ne rana tsaka, lokacin da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, sannan aka zuba masa toka-toka. Ba baƙi, ba fari, kamar kunun da ya sha ruwa. Mai ɗaukar hoto Rashid Mahdi na Atbara, wanda ya rasu a 2008, da fim ya yi aiki, dole ya auna haske kafin ya danna, domin kowane kuskure kuɗi ne. Mai waya ba ya asarar komai, shi ya sa ba ya jiran la'asar.

Wani abu kuma yana damuna. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 garin ya cika da 'yan gudun hijira, kuma tantuna a jere suna kyau ƙwarai a baƙi da fari. Kafin mutum ya ɗaga waya yana sha'awar kusurwar tanti, ya yi sallama, ya nemi izinin mutanen da ke ciki.