Bindigar Fada da Bututun Kwali

Duk sallah sai an sami masu cewa lokaci ya yi da fada za ta ajiye bindigar toka. Hujjarsu biyu ce: ƙasa na cikin zaman ɗar-ɗar, kuma ga wasan wuta na zamani mai launi kala-kala, wanda ke zuwa a bututun kwali daga Sin. Wai a Lafia ma, idan Sarki Sidi Bage Muhammad zai hau, a harba irin wannan sama, a huta da hayaƙin albarushi. Masu wannan magana ba su taɓa tsayawa sun saurari yadda ake buga bindigar fada ba.

Tarihin gajere ne. A Sin aka fara haɗa albarushi, wajen ƙarni na 9, kuma har yau garin Liuyang na lardin Hunan ne cibiyar kayan wasan wuta. A wannan yanki namu, Mai Idris Alooma na Barno ya kawo Turkawa masu koyar da harbi a ƙarni na 16. Gidan sarautar Lafia kuwa Barebari ne, zuriyar Dunama, saboda haka bindiga a gaban sarki ba baƙuwa ba ce a nan. Da yaƙi ya ƙare sai aka cire harsashi aka bar ƙara.

Gwanintar ɗan bindigar fada tana cikin jinkirinsa. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta. Sai ya zuba albarushi, ya tura tsumma, ya danna da sanda, ya gyara kunama, sannan ya jira. Wanda bai sani ba zai ɗauka wannan naƙasa ce. A'a, ita ce ta ba hawa numfashi. Tsakanin bugu da bugu ne kakaki ke samun fili, tambari ya amsa, maroƙi ya jefa kirari har a ji shi. Gwani ba ya bugawa a tsakiyar busa. Yana barin kakaki ya kai ƙarshe, ya ɗaga baki sama, nesa da kan jama'a, ya saki. Idan su da yawa ne sukan jera bugun, wannan na sauka wancan na tashi, ko su haɗa baki ɗaya idan sarki ya fito daga ƙofar fada.

Sannan yana karanta doki. Ya san wanda ya saba da ƙara da wanda zai zabura. Ya san mahayin da ke jiran bugun domin ya ja linzami dokinsa ya miƙe, jama'a su ɗauki sowa. Tsohuwar da ke cikin gida, da ba ta ga komai ba, daga bugun take gane cewa an sauko daga Idi, ko sarki ya kusa shiga gida. Kafin rediyo, da irin wannan bugu ake sanar da gari an ga wata.

To, me bututun kwali ya sani cikin wannan? Ba na raina shi a matsayin sana'a. Masu yin sa sun zaɓi takarda da gangan: ana naɗe ta hawa-hawa da manne har ta yi tauri, ba ta da nauyi, kuma idan ta fashe yagewa take yi, ba ta watsa ɓaraguzan ƙarfe. Nan kam ta fi mu, domin tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta ci yakan tsage a hannun mai shi. Maganin wannan yana wurin maƙera: a duba kowace bindiga kafin hawa, a karya wadda ta gaji, a hana yaro ɗauka. Dokar bindigogi ta 1959 ma ta tanadi lasisi ga irin wadda ake ɗurawa ta baki.

Amma kwali na sau ɗaya ne. A kunna lagwani, a ruga, sauran sai yadda iska ta so. Ba ya jiran kakaki, ba ya duba doki, ba ya tsoron rumfar kara ko tulin ciyawa a lokacin hunturu. Mutanen Lafia, Musulmi da Kirista, sun san daren Disamba da nokawut, ƙaramin wasan wutan nan na takarda, ke tashi ta kowane lungu, babu wanda zai ce ga mai shi. Shi ya sa kusan kowace shekara 'yan sanda ke sanar da haramta shi, kuma shi ya sa haramcin ba ya kamawa.

A nan ne masu sukar suka juya lissafi. Ƙarar da ke firgita gari ita ce wadda ba a san daga ina ta fito ba. Ta fada tana da rana, tana da wuri, tana da mai ita. An san sunansa, an san gidansu, an san shugaban da zai kira shi idan ya yi ganganci. Lafia, garin da ya zama babban birnin jiha a 1996, ya cika da baƙi daga ko'ina, ya fi kowa bukatar irin wannan tsari. Wanda ke son launi a sama ya nemi fili da daddare ya kira ƙwararru. Hawan sallah kuwa a bar wa masu ɗura ta baki.