Dokar Hana Waya: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

A 2018 Faransa ta hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta. A 2023 rahoton UNESCO ya ja kunnen gwamnatoci kan cusa na'ura a aji ba tare da hujjar amfaninta ba. Yanzu iyaye a nan Briqueterie suna kirana a shirina na rediyo, suna cewa a raba yara da waya kwata-kwata.

Na yarda da rabin maganarsu. Kamaru ta ɗanɗana ɗokin na'ura: a 2016 Shugaba Paul Biya ya yi wa ɗaliban jami'a alƙawarin kwamfuta 500,000, cikin shirin da aka ciwo wa bashin sefa biliyan 75 daga Sin. Kwamfutar ba ta ƙara malami ba, ba ta rage cunkoson ɗakin lacca ba.

Sai dai yaron Faransa idan an karɓe wayarsa, littafi na jiransa. Namu na Ekoudou fa? Da yawa ba su da littafin darasi, a wayar uwa suke ganin tambayoyin jarrabawar baya. Da korona ta rufe makarantu a Maris 2020, ta rediyo da talabijin na CRTV darasi ya shiga gidaje.

A hana waya a aji, na goyi baya. Amma duk wanda zai karɓe ta daga hannun yaro, ya fara miƙa masa littafi.