Jinjina ga Matan da Ke Kiwon Kaji da Agwagi

Haƙiƙa duk wanda ya ratsa ƙauyukan Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, ya ga yadda uwargida ke buɗe akurki bayan sallar asuba, ta watsa dusa, ta tono wa 'yan tsaki gara, idonta na kan shirwa, lalle zai shaida hidimarta ta cancanci yabo. Ta san kaza kwana 21 take kwanci, agwagwa kuwa 35, har takan sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. In annobar hunturu ta share akurkin, sai ta rungumi ƙaddara, ta karɓo kiwo wajen maƙwabciya, domin da kuɗin ƙwan nan take biyan kuɗin larabar yara.